Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sir Stephen Timms: Kada Aure Ya Zama Tara A Kan Mai Naƙasa

Mai girma Ministan Tallafin Jama'a da Harkokin Naƙasassu,

Ina gaishe ka da fatan alheri. Daga gabashin Landan nake rubuto maka, kusa da East Ham da kake wakilta a majalisa tun 1997. Da Hausa na rubuta saboda 'yan'uwana mazauna Birtaniya su karanta su san dokar da take kansu, na kuma san fassara ba za ta gagari ofishinka ba. Maganar ƙanwata ce ta kawo ni, ita da akwatunan lefenta uku da suka kusa shekara a ƙarƙashin gado.

Da sikila aka haife ta. Ciwon ya cinye mata ƙashin ƙugu, da sanda take tafiya, kuma sanyi shi ne babban abokin gabarta. Idan hunturu ya shigo, hita ba ta mutuwa a ɗakinta dare da rana, don sanyin awa biyu ya isa ya tayar mata da ciwon da zai kwantar da ita mako guda a asibiti. Na sha shiga na tarar da ita a ƙudundune, robar ruwan zafi ɗaya a ƙugu ɗaya a gwiwa, idonta a kan mitar wuta tana lissafin abin da ya rage. Ita kaɗai take zaune. Tana karɓar PIP, wato tallafin ƙarin ɗawainiyar naƙasa, kuma shekaru da dama tana kan ESA, tallafin waɗanda ciwo ko naƙasa ya tauye wa yin aiki, tare da ƙarin nan na masu naƙasa mai tsanani da ake kira SDP, wanda a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya kai fam 82.90 a mako. A shekara ya haura fam 4,300. Da shi take biyan wuta, da tasi zuwa asibiti da tsakar dare, da matar da take zuwa ta yi mata shara da wanki.

Ka fi ni sanin sharuɗɗan wannan ƙari, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Tun da aka shigo da shi a 1988, sai mutum yana karɓar tallafin naƙasa irin su PIP na hidimar yau da kullum, sai babu wanda ake biya kuɗin jinya saboda shi, sannan sai ya zama babu wani baligi da yake zaune da shi, in ban da wasu 'yan tsiraru da doka ta keɓe. Idan da miji ko mata a gidan, to sai dai shi ma yana karɓar irin wannan tallafi na naƙasa, ko kuwa makaho ne mai takardar shaida. Idan duka biyun sun cancanta, a ba su fam 165.80 a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026. Idan ɗaya lafiyayye ne, ba a ba su ko kwabo.

Da aka mayar da ita Universal Credit, sabon tsarin tallafi na bai-ɗaya da babu SDP a cikinsa kwata-kwata, an ba ta kuɗin kariya na riƙon ƙwarya don kada abin da take samu ya faɗi lokaci guda. Batun asarar SDP ɗin ma ai sai da aka je kotu a kansa: a watan Yunin 2018 Babbar Kotu ta yanke hukunci a ƙarar wasu naƙasassu biyu da aka sakaya sunayensu da TP da AR, ta ce an nuna musu bambanci da aka raba su da kuɗin don kawai sun canza ƙaramar hukuma. To amma kariyar tana da sharaɗi. Ranar da mutum ya tare da abokin zama, ta ƙare, kuma ba ta dawowa ko da auren ya mutu bayan wata uku.

Sai Allah ya kawo mata miji. Mutumin kirki ne, yana aikin dare a wani babban ɗakin ajiyar kaya, ya san ciwonta ciki da waje, ya je an gwada jininsa tun kafin iyaye su shiga maganar. Aka kawo lefe, aka sa rana. Wata Lahadi muka zauna mu uku a kan teburin kicin ɗinta da takardu da kalkuleta, shayi ya huce a kofi ba wanda ya kula. PIP yana nan, don shi ba a duba samun kowa, wannan na yaba. Kariyar SDP ta tafi. Albashinsa zai shiga lissafi, bayan ɗan abin da ake yafewa a zaftare fam 55 a kowane fam 100 da ya samo. Sannan muka zo kan ajiyarsa. Shekara da shekaru yana zubin adashe yana ƙuntata wa kansa don wata rana ya samu abin kafin alƙalami na gida, har ta ɗan haura fam 16,000. Dokar Universal Credit ta ce ajiyar miji da ta mata ɗaya ce, kuma da ta wuce wannan adadi an rufe ƙofa. Ƙanwata ta ajiye biro ta ce, “Wato in na aure ka, sai na roƙe ka kuɗin tasi kafin in je asibiti.” Shi kuma ya ce, “Ai ba roƙo ba ne, haƙƙinki ne.” Ta yi shiru. Gaskiya ya faɗa, ita ma gaskiya ta faɗa, kuma tun ranar aka ɗage biki.

Ranka ya daɗe, ba na musun cewa zaman mutum biyu ya fi zaman ɗaiɗai sauƙin kashe kuɗi. Haya ɗaya ce, tukunya ɗaya. Shi ya sa ban yi ƙorafi ba da na ga a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 mutum ɗaya mai shekara 25 zuwa sama yana samun fam 400.14 a wata a Universal Credit, ma'aurata kuma fam 628.10 maimakon fam 800.28. Wannan lissafi ne da hankali zai ɗauka. Abin da hankalina ya kasa ɗauka shi ne a ce kuɗin da aka ware musamman saboda tsananin naƙasa shi ma ya bi wannan hanya. Ƙugun ƙanwata ba zai warke ranar ɗaurin aure ba. Ɗakin da take ɗumamawa ba zai rage cin wuta don an ƙara mutum a ciki ba.

Hujjar da ake kafawa ita ce, tunda akwai wani a gidan, shi zai yi jinyar. Wane lokaci? Mutumin da zai fita ƙarfe tara na dare ya dawo bayan asuba, ina yake sa'ad da ciwo ya tashi ƙarfe uku? Idan kuma ya bar aikin ya zauna da ita, kuɗin mai jinya a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 83.30 ne a mako, da sharaɗin awa 35 ko fiye. Ka raba ka gani, bai kai fam biyu da rabi a awa ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Na san akwai ƙarin mai jinya a cikin Universal Credit, fam 201.68 a wata a waccan shekarar kuɗin, amma SDP idan aka juya shi zuwa wata ya kusa fam 360. Ko ta ina aka ɓullo, gidan ne yake asara, gwamnati kuma ta samu ma'aikacin jinya a araha da sunan miji.

Wasu daga cikin mutanenmu za su ce, to ai ci da sha da magani duk a wuyan miji suke, mene ne abin damuwa? Haka ne, kuma wannan bawan Allah bai guje wa nauyinsa ba. Sai dai addinin da ya ɗora masa ciyarwa shi ne kuma ya ce dukiyar mace tata ce, ba a haɗe ta da ta miji. Su kuma tuna da magidancin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wanda matarsa ce take fita aikin kula da tsofaffi, yana kallo ana yanke masa nasa saboda guminta. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa a fili ba. Ba kowane aure ne yake zama lafiya ba. Macen da ba ta iya sauka bene ita kaɗai, ba ta da kuɗi nata na kanta, kuma Universal Credit a asusu ɗaya ake zuba shi ga gida gaba ɗaya sai in an nemi a raba bisa wani dalili na musamman, idan mijin ya juya mata baya ina za ta nufa? Kai da ka shugabanci kwamitin majalisa mai sa ido kan ayyuka da fansho daga 2020 zuwa 2024, ba baƙon wannan magana ba ne.

Abin da dokar take haifarwa a unguwanninmu ina ganinsa da idona. Na san waɗanda aka ɗaura musu aure a masallaci shekara biyu da suka wuce, har yau amarya ba ta tare ba, kowa yana ɗakinsa, sai ziyara kamar saurayi da budurwa. Ana biyan haya biyu, an riƙe gidaje biyu a garin da dubban iyalai suke layin neman gidan ƙaramar hukuma. Wasu kuma sun tare a ɓoye, kullum gabansu yana faɗuwa idan ambulan mai ruwan ƙasa ta ofishin tallafi ta faɗo ta ƙofa, suna tsoron a ce su dawo da kuɗin shekaru. Ƙanwata ta ce ba za ta yi ƙarya ba, ba kuma za ta yi auren da babu tarewa ba. Shi ya sa lefen yake ƙarƙashin gado.

Birtaniya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009. Sashe na 23 ya tanadi haƙƙinsu na yin aure da kafa iyali daidai da kowa. Babu wanda ya hana ƙanwata aure a takarda, na yarda. An dai sa masa kuɗin da ba a sa wa auren lafiyayyu ba.

A ranar 1 ga Yulin 2025 kai ne ka miƙe a majalisa ka sanar cewa an janye sauyin sharuɗɗan PIP har sai an kammala bitar da kake jagoranta tare da naƙasassu. Na san bitar ta PIP ce, wannan matsala kuma tana cikin Universal Credit da tsofaffin tallafi, amma duka a ƙarƙashin ofishinka suke, kuma mutum ɗaya ne yake rayuwa da su. Babbar buƙatata ita ce a cire kason naƙasa daga lissafin gida, ya zama na mai naƙasar ne shi kaɗai, a asusunsa, ko da wa yake zaune, kamar yadda PIP yake. Idan Baitulmali ya ce wannan ya yi nauyi a yanzu, to a fara da abin da ba ya buƙatar dogon nazari: kada kariyar SDP ta mutu don mutum ya yi aure, a bar ta ta ci gaba da raguwa a hankali kamar ta kowa. Ajiyar da abokin zama ya tara kafin aure kuma a ɗaga mata ƙafa ko da na shekara ɗaya ne, su samu su daidaita zamansu.

Ina roƙon ka sa a kira waɗanda abin ya shafa ka ji daga bakinsu, har da irin ƙanwata da ba sa cikin kowace ƙungiya. Ta ce za ta zo da takardun lissafin nan na ranar Lahadi, tana ajiye da su a cikin akwatin lefe na sama. Dangin ango sun sake aiko da tambaya a kan rana, mun ce su ƙara mana haƙuri zuwa bayan hunturu.

Naka cikin girmamawa,
Yayan amarya, daga Newham