Amsa ga uwar da ɗanta ke gidan yari: ba a ɗaure shi ba tukuna

Assalamu alaikum Hajiya,

Kin bugo waya a shirin rediyo, muryarki tana rawa, kika ce an kama ɗanki bisa zargin fashi da makami, ya kwana tara a caji ofis, aka kai shi kotun majistare, yau wata goma sha huɗu yana gidan yari. Kika tambaye ni ko ɗaure shi aka yi, kuma ko kashe shi za a yi. Lokacin shirin ya ƙare ban ba ki cikakkiyar amsa ba.

Ba a ɗaure shi ba. Sel ɗin 'yan sanda wurin ajiya ne kafin kotu: sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba su awa 24 idan akwai kotu cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu, ko da yake ya ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, irin fashi da makami. Gidan yari kuwa, wanda dokar 2019 ta mayar gidan gyaran hali, ba ya karɓar mutum sai da takardar alƙali. A Amurka gidajen biyu ne, na masu jiran shari'a daban, na masu dogon ɗauri daban. Mu katanga ɗaya ce ta haɗa su, kuma kusan biyu cikin uku na mutanen ciki jiran shari'a suke yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami ko kisan kai, iyakarsa ya ce a ajiye mutum. Daga nan 'yan sanda za su kwafi fayil su kai ma'aikatar shari'a ta jiha, lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujjar da za a je babbar kotu da ita. A nan fayil yake barci. Wani sa'in an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki, wani sa'in ba a ma kwafi takardun ba, ranar zama kuma a ce babu motar kai fursunoni. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin ajiya na farko kada ya wuce kwana 14, jihohi ma suna da irin tasu, amma sai an sami mai bin sawu take aiki. Wannan barcin fayil ya fi ba ni tsoro a kan ɗanki fiye da igiyar hauni.

Hukuncin kisa sai an yi shari'a an kawo shaidu. Idan babbar kotu ta yanke, akwai kwana 90 na zuwa kotun ɗaukaka ƙara, sai kwana 30 na zuwa Kotun Ƙoli, kuma ba a zartarwa matuƙar ƙarar tana gaban kotu. Bayan duk wannan sai gwamna ya sa hannu, mafi yawansu kuwa ba sa sawa. An rataye mutum huɗu a birnin Benin na jihar Edo a 2013, uku a 2016, alhali sama da 3,000 ne ke jiran hauni. Dokar 2019 ta ba babban jojin jiha ikon mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai idan an gama ɗaukaka ƙara aka shekara goma ba a zartar ba.

Gobe ki je kotun majistaren ki karɓi lambar shari'ar da ranar zama na gaba a wajen rajistara. Ki kai su ofishin hukumar agajin lauyoyi ta gwamnati, kyauta ne. Lauya zai rubuta wa ma'aikatar shari'a ya ji ko fayil ya iso, ya nemi beli a babbar kotu, domin ita kaɗai ke iya bayarwa a irin wannan tuhuma, ya kuma nemi a sa sunansa cikin waɗanda babban joji zai duba idan ya ziyarci gidan yari. Duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce ki kawo kuɗi ya fito da shi, kada ki ba shi ko kwabo.

Allah Ya bayyana gaskiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Wassalam.