Malamin lissafi ya ba 'yata F9 bayan na cire ta daga lesin ɗinsa

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Don Allah a sakaya sunana da na makarantar, saboda yarinyar tana can har yanzu, kuma mutumin da zan yi magana a kansa ba ya mantuwa.

Anti, tun da aka raba takardun sakamako na wannan zangon ban yi barcin kirki ba. 'Yata ce ta fari, tana SS2 ɓangaren kimiyya a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. An ba ta 38 a lissafi, wato F9. Yarinyar da tun daga JSS1 ba ta taɓa sauka ƙasa da B3 a lissafi ba, takardunta duk suna nan a cikin akwatina. A wannan takardar dai ta ci B2 a kimistiri, B3 a fiziks. To fisabilillahi, wanda ya ci B3 a fiziks, darasin da rabinsa lissafi ne, ta ina zai faɗi lissafi warwas? Kuma 38 fa, maki biyu ya rage ta kai 40 ta samu ko da E8. Daidai bakin layi ya tsayar da ita don ta ji a jikinta.

Bari in koma baya ki gane. Ni ɗinki nake yi a gida, a Rigasa muke. Ba wai muna da shi ba ne muka kai ta makarantar kuɗi, adashi nake zubawa, in na kwasa in haɗa da abin da babanta ya bayar a biya. Akwai shekarar da sai da na sayar da keken ɗinkina na biyu. Ban taɓa bari an koro ta saboda kuɗin makaranta ba, ko na littafi, ko na PTA. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce rowa ce ta sa na yi abin da na yi.

Da suka shiga SS2 sai wannan malamin ya buɗe lesin bayan an tashi. Ba na makaranta ba ne, nasa ne na kansa, a hannu ake ba shi kuɗin duk wata, babu rasit. Zangon farko na biya, ta yi. Amma Anti kin san Rigasa, kin kuma san yadda kuɗin Keke Napep ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. In ta tsaya lesin, 'yan unguwarmu da suke haɗa kuɗin keke tare sun tafi, sai ta hau ita kaɗai, ta iso gida ana kiran Magariba. Budurwa ce fa. Ga Islamiyya ta daina samu, alhali saura kaɗan ta yi sauka, har malaminsu ya aiko yana tambaya. Sai na ce ta bari. Wace uwa ce ba za ta yi haka ba?

Satin da ta daina zuwa ya tsaya a gaban aji ya ce waɗanda iyayensu suka fi shi sani za su gani a ƙarshen zango. Bai kama suna ba, amma duk ajin ita suka juya suna kallo. Daga nan ko ta ɗaga hannu ba ya kiranta, in kuwa ya kira ta to tambayar da ba a koyar ba ce. Ƙawayenta sun ce abin da zai fito a tes a lesin yake fara yi musu shi, lambobin kawai yake sauyawa.

Su a makarantar CA, wato makin tes da aikin gida na cikin zango, maki 40 ne, jarrabawa 60. A CA ya ba ta 11, a jarrabawa 27. Takardar tes ɗin farko tana hannuna yanzu haka. Akwai tambayar lissafin nan mai x da suke cewa kwadiratik, ta samu amsa daidai, amsarta ɗaya da ta yarinyar da ta zo ta ɗaya, amma ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa ya rubuta sifili. Laifinta shi ne ta bi fomula, wadda ɗan yayana da ke karatun injiniya a ABU Zariya ya koya mata da hutu. Na kira yaron ya duba, ya ce aikinta babu kuskure, kuma irin wannan tambayar hanyoyin warware ta sun kai uku, duk wuri ɗaya suke kai mutum. Shi malamin wai cewa yake an rubuta a saman tambayar cewa a bi wata hanya takamaimai, doguwar nan da ya koyar. To ko an rubuta, amsar ba ta fito ba? Kuma yaushe ya koyar da doguwar, in ba a lesin ba?

Akwai wata maƙwabciyarmu, tsohuwar malama, da ta daɗe tana makin WAEC. Ta ce min a can kowane mataki da makinsa, akwai makin hanya, akwai makin amsa, yaro ko ya ɓata amsar ƙarshe yana tsira da na matakan da ya yi daidai. Ta dai ce in tambaya ta ambaci hanya to dole a bi ta, amma ni abin da na riƙe shi ne, in WAEC da kanta ba ta soke aikin yaro gaba ɗaya saboda kuskure ɗaya, shi wane ne?

Na manta ban faɗa miki ba, na je makarantar. Shugaban ba ya nan, mataimakinsa na samu. Na ce a fito min da takardar amsarta ta jarrabawa in gani da idona, ya ce dokar makaranta ba a nuna wa iyaye. Kuɗinmu halal ne a karɓa, takardar 'yarmu haram ce mu gani. Aka kira malamin, ya shigo ko gaisuwa babu, yana taɓa waya. Yaro ne fa Anti, na girme shi nesa ba kusa ba. Ya ce wai tana surutu a aji, wai littafin aikin gidanta bai zo hannunsa ba, alhali a gabana take yi da fitilar waya in babu wuta. Sai kuma ya kawo maganar tes na biyu da ba ta rubuta ba. E, ba ta rubuta ba, bikin ƙanwar babanta ake yi a Zariya, da na hana ta zuwa da yanzu dangin miji suna nan suna yi da ni. Kuma na aika ƙawarta ta faɗa masa. Wata yarinya 'yar lesin da ba ta da lafiya ai ya sake yi mata nata ita kaɗai. Nan ne na ce biri ya yi kama da mutum. Yanzu ana yawo da cewa na yi hayaniya a ofishin malamai. Ban zagi kowa ba, murya na ɗaga, kuma abin da na ce kawai shi ne ya ji tsoron Allah, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsa.

Mu 'yan Kaduna ba mu manta 2017 ba, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su. A lokacin har tausayinsu na ji, don akwai 'yan uwa a ciki. Amma su na makarantun kuɗi wa yake gwada su? Mutum ya ɗauki jan biro ya yi yadda ya ga dama.

Abin da ke hana ni barci shi ne gaba. Harhaɗa magunguna take so ta karanta, a ABU ko KASU, wato jami'ar jihar Kaduna. A JAMB Turanci, bayoloji, kimistiri da fiziks za ta rubuta, babu lissafi, amma babu jami'ar da za ta ɗauke ta wannan fannin ba tare da kiredit biyar ba, har da Turanci da lissafi, wato aƙalla C6. Makarantu kuma suna tura wa WAEC makin CA na ɗalibai tun daga SS1, ke nan wannan 11 ɗin ba a takardar gida kaɗai za ta tsaya ba. Sannan a makarantar ba a wucewa SS3 in jimillar lissafi ta shekara ba ta kai ba. Shi ne kuma zai koyar da su a SS3. Wuƙa da nama duk suna hannunsa.

Babanta ya ce in bar maganar, malami uba ne, in samo kuɗin lesin in kai masa tare da ban haƙuri a wuce wurin. In samo, ni. Ɗan abokiyar zamana ajinsu ɗaya, shi babansu ne yake biya masa lesin tun farko ba tare da an roƙa ba, wai shi namiji ne, zai iya dawowa da dare. B2 aka ba shi, yaron da 'yata ce take yi masa aikin gida a tsakar gida kowa yana gani. Ranar da aka kawo sakamako har kaza aka yanka a wancan ɗakin. Ni ba hassada nake ba, Allah ya sani, ɗa na kowa ne. Amma da maigidan ya ce zai riƙa ɗauko su tare a mashin, ko ya cika mata kuɗin keke, da duk ba a kai nan ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce na mayar da maganar makaranta ta kishi, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Ita kuma yarinyar ta daina cin abinci sosai, ta ce in bar ta ta koma ajin adabi, ba ta son ganin littafin lissafi. Jiya ta ce min da ban je makarantar ba da ya fi, yanzu ana nuna ta ana cewa ga 'yar matar nan.

Wasu sun ce in bari sai taron PTA in tashi in faɗa a gaban kowa, don ba ni kaɗai ba ce, sai dai sauran iyayen a bayan fage suke gunaguni, na san ranar ba wanda zai tashi tare da ni. Ɗan yayana ya ce in rubuta takarda zuwa hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jiha in nemi wani malamin daban ya sake duba takardar. In na yi haka makarantar ba za ta ce in kwashe 'yata ba? In kuma na sauya mata makaranta ana dab da SS3, wa zai karɓe ta da F9 a takarda, kuma ina kuɗin sabon yunifom da rajista?

Anti ki ba ni shawara. In je in durƙusa wa yaron nan in ba shi haƙuri kan laifin da ban yi ba? Kuma shin daidai ne uba ya biya wa ɗaya ya bar ɗaya don kawai ita mace ce? Don Allah in da hali ki karanta wannan a shirin dare, lokacin yana gida yana sauraro, ko zai ji daga bakinki tunda nawa ba ya shiga.

Daga mai sauraronki a kullum,
Wata uwa, Rigasa, Kaduna.