Aiki ya tsaya, shugabannina uku: yaya zan rubuta wa kowa ba tare da na zama mai baki biyu ba?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da ma'aikatan wannan fili, Allah Ya ƙara basira. Na saba jin ana kawo maka matsalar aure da ta gado, to tawa ta wurin aiki ce, kuma tana hana ni barci.

Ni jami'in fili ne a wata ƙungiya mai tallafa wa manoman rani a ƙauyukan Auyo, nan ƙasar Haɗeja. An damƙa mini kula da haƙa rijiyoyin burtsatse shida masu aiki da sola, a miƙa wa manoma kafin tsakiyar Nuwamba, saboda alkama sai da sanyin hunturu, wanda ya makara da shuka ya yi asarar shekara. Biyu sun kammala, huɗu sun tsaya cak. Ka san halin kogin Haɗeja a Agusta da Satumba, idan ruwan sama ya haɗu da wanda ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, ga kacala ta toshe magudanai. Na bana bai kai na 2022 ɓarna ba, amma ya yanke hanyar burjin da motar haƙa za ta bi, tana nan fake a bakin titi direban na kwana a ƙarƙashinta. Ɗan kwangila kuma ya ce kuɗin da aka yi da shi ba zai kai ba, wai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 siminti da rodi da kuɗin mota ba sa zama wuri ɗaya. Rabin maganarsa gaskiya ce. Sauran rabin kuwa, tun kafin ruwa ya zo yake jan ƙafa.

Dole in sanar da manya ta imel, su uku ne, kuma kowa da halinsa.

Injiniyanmu na Dutse ba shi da wuya. Shi dai lambobi: nawa aka gama, nawa suka rage, yaushe mota za ta shiga, nawa za a ƙara. In imel ya wuce layi biyar ba zai kai ƙarshe ba, in ka tsaya tambayar iyali sai ya ɗauka kana ɓoye wani abu.

Hajiya, shugabar shirin da ke ofishin Kano, ita ce ke damuna. Mace ce mai kirki, amma ita ke amsa tambayar masu ba da tallafi daga Turai, don haka a tsorace take kullum. Abin da ta fi ƙi a duniya shi ne ta ji labari a bakin wani kafin ta ji a bakinka. Amma kuma da zarar ta ga an rubuta cewa aiki ya tsaya, sai wayata ta kama ruri har bayan isha'i, ni kuwa a ƙauyen da nake sai na hau jingar bayan makarantar firamare nake samun sabis. Na lura hankalinta ya fi kwanciya idan matsala ta zo tare da mafita, kamar in ce za mu fara da rijiyoyi biyun da ke kan tudu, na fadama su jira ruwa ya janye. Sai dai mafitar nan hasashe ce kawai, ruwa ba a hannuna yake ba. In na rubuta ta da ƙarfi ta miƙa wa Turawa a matsayin alkawari, ranar da abin bai yiwu ba sunana ne a ƙasan takardar.

Na uku Alhaji ne, shugaban kwamitin amintattu, sa'an mahaifina. Ba ya buɗe imel da kansa, sakatarensa ke buga masa a takarda ya karanta bayan la'asar. A wurinsa yaro ya fara wasiƙa da mugun labari babu gaisuwa, babu “ranka ya daɗe”, rashin tarbiyya ne. Ƙarin abin kuma, ɗan kwangilar nan ɗan garinsu ne, shi ya kawo shi. Yaya ɗan cikinsa zai rubuta masa cewa mutuminsa ya yi sakaci?

Wani abokin aikina ya ce ai in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, in ba kowa abin da kunnensa ke so. Na yarda da shi zuwa wani wuri. Amma imel ba hirar zaure ba ce da za ta tashi a nan. Ana tura ta gaba, ana sa wa wasu kwafi, tana nan ajiye shekara da shekaru. In na gaya wa Injiniya ɗan kwangila na da laifi, na gaya wa Alhaji ruwa ne kaɗai, na gaya wa Hajiya komai zai daidaita, ranar da su ukun suka zauna taro aka jera takardun, da wane ido zan dube su?

Shi ya sa nake neman haskenka, Malam. Ina iyakar canja lafazi don girmama mutum, ina kuma aka shiga rage gaskiya? Shin in rubuta imel ɗaya tak mai ɗauke da komai in sa su duka a kai, sannan in bi Hajiya da kira, Alhaji kuwa in tashi takanas in je gidansa in durƙusa in yi bayani? Batun ɗan kwangila fa, in ambace shi ƙarara, ko in jera ranakun da ya ce zai zo da ranakun da ya zo in bar su su gani da kansu? Taron wata-wata ranar Litinin ne, kuma manoma sun fara tare ni a masallaci suna tambaya ko su sayi irin alkama.

Don Allah a sakaya sunana.

Naka mai sauraro,
daga Auyo, Jihar Jigawa