Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Fataken Albasa a Akra

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan'uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, an je suna, an je ta'aziyya. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto shi daban. Aikin da ya cinye mana shekarar shi ne tsara tafiyar kaya, kuma a kansa rahoton nan zai tsaya.

Tun da aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, ƙarar da ake kawo wa kwamiti kusan iri ɗaya ce: buhu nawa aka loda, nawa aka sauke, wa ya ba da izinin sayarwa. Kowa da littafinsa, kuma ba littafin da ya yarda da ɗan'uwansa.

Sai muka tara masu kaya da direbobi da dillalai da yaran sauke kaya, muka zana hanyar buhu a allo tun daga lodi a Galmi ta Nijar, zuwa bakin iyaka, zuwa sauka, tsinta, ciniki da biya. Matasanmu da suka karanci kwamfuta suka mayar da zanen cikin salon BPMN, wato tsarin zana matakan aiki da kamfanoni ke amfani da shi. Kowane mai hannu a aikin yana da layinsa, kuma ana ganin inda aiki ke barin hannun wani ya shiga na wani. A daidai wuraren nan ne buhuna ke ɓacewa.

Ƙa'idar da muka kafa ita ce mataki ba ya buɗewa sai an shigar da bayanin na gabansa. Ba sauke kaya sai adadin lodi ya iso. Ba ciniki sai an rubuta abin da aka sauke. Bayanin ne ma ke zaɓar hanya: motar da ta daɗe a hanya fiye da kwanakin da kwamiti ya yanke, kayanta sai sun bi ta tsinta a ware ruɓaɓɓu kafin dillali ya taɓa su. Takardun kwastam, da ke bi ta ICUMS, manhajar kwastam ta Gana, tun 2020, mun bar su a layin mai fitar da kaya, lambar kawai muke ɗauka.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne wa zai ga me. Direba yana ganin adadin buhu da kuɗin motarsa, ba ya ganin farashi. Dillali yana ganin kayan da aka danƙa masa da la'adarsa. Mai kaya yana ganin komai nasa, har canjin sefa zuwa sidi, amma ba na maƙwabcinsa ba. Wasu dattawa sun so a buɗe jerin masu bashi ga kowa. Kwamiti bai amince ba, saboda dokar kare bayanan mutane ta Gana ta 2012, kuma a ganina ko babu doka tonon asiri ba ya biyan bashi. An bar jerin ga shugaba da ma'aji.

Biyan kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya yi sauƙi tun da aka soke E-Levy, harajin da ake cira a kan irin wannan turawar, a Afrilun 2025, don haka muka sa lambar shaidar biya ta zama abin da ke rufe ciniki.

Saura aiki. Direbobi da dama har yanzu saƙon murya suke turowa ta WhatsApp, sai wani ya zauna ya shigar da shi, kuma akwai wuraren da waya ba ta kamawa a hanya. A taro mai zuwa za a zaɓi wanda zai riƙe wannan aikin, a kuma yanke alawus ɗinsa. Kowa ya zo da littafinsa na bara.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya