Mu da yashi ya kora, a wane littafi sunanmu yake?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina sauraron shirinku na safe, galibi ina tura kurar ruwa da rediyo ɗaure a jikin jarka. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, kun yi ƙoƙari ƙwarai. An buɗe sansanoni, an rubuta sunaye, an kai abinci. Allah ya mayar musu da alheri. Amma tun ranar wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ma korarre ne, sai dai abin da ya kore ni bai zo dare ɗaya ba. Ƙauyenmu yana arewa da Yusufari a jihar Yobe, dab da iyakar Nijar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ga farin 1973, ya ga na 1984, kuma duk bai tashi ba, domin a wancan lokaci in shekara ta ɓaci, ta gaba takan gyara. Gonar da ya bar mini ina yaro na ga an ɗaure dami sittin na gero a cikinta. Shekarar da na haƙura, dami tara na kai rumbu.

Wanda bai zauna can ba ba zai gane yadda yashi ke cin gari ba. Za ka yi binne, ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sai ruwa ya ɗauke mako uku, iska ta taso daga gabas ta turbuɗe shukar. Ka sake shuka. Na taɓa yin shuka sau uku a damina ɗaya, iri ya ƙare, na sayar da tunkiyar maiɗakina na sayi wani. Ɗakin mahaifiyata shi ne na ƙarshe ta gabas, kullum da safe ni da ƙanena muke kwashe yashi daga bayan bangon da shebur da tsohon kwano, kafin la'asar ya dawo kamar ba a taɓa ba. Kwarin da muke samun dabino da goruba da kanwa, rabinsa tudu ya hau kansa. Akwai bishiyar dabinon da na hau ina yaro, yau kanta kawai ake gani.

An taɓa zuwa da mota aka dasa mana itatuwa a layi, aka ɗauki hoto. Ba wanda aka ba aikin ban-ruwa, rijiyar kuwa ko mu ba ta isar mu. Awaki suka ƙarasa sauran.

Da can ci-rani muke zuwa Kano bayan an gama girbi, da hadari ya fara haɗuwa mu koma. Wannan al'ada ce ta kaka da kakanni, ba wanda ke kallonta a matsayin hijira. To yanzu damina huɗu ke nan ban koma da fartanya ba, na kwaso iyali, muna haya a ɗaki ɗaya. Duk da haka sunana bai canza ba, ɗan ci-rani. Mai gidan hayarmu, mutumin kirki, har yau yakan ce, "Malam, bana yaushe za a tafi gida?" Sai in ce, "Sai yadda hali ya yi, Alhaji." Me zan ce masa? A layinmu na 'yan garuwa akwai mutanen Machina, akwai na Yunusari, akwai na tsallaken iyaka daga wajen Maine Soroa, kusan duk labarin ɗaya ne. Babu mai kati, babu wanda aka taɓa ƙirgawa, domin mun fito ne ɗaya bayan ɗaya, kowa da buhunsa a ka.

Inna kuwa ta ƙi tasowa. Ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba, ko da yake mu kanmu sai da alama muke gane inda yake. Ita nake aika wa ɗan abin da na samu duk ranar kasuwa.

Na ji ana maganar katangar itatuwa da ƙasashen Afirka suka amince da ita tun 2007, wadda aka ce za ta ratsa jihohi 11 na arewacin ƙasar nan, har da tamu. Roƙona, ku tura wakilinku ya gano mana da idonsa, kada ya tsaya a Damaturu ya ji daga bakin manya. Ya bi ta Gashuwa zuwa Yusufari, daga nan ya nemi motar da ke iya yashi. Ya je da bazara, lokacin da iska ke tashi, ya ƙirga gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya. In yana son ɗan rakiya, zan ajiye kura kwana biyu in kai shi.

Naku mai sauraro,
wani ɗan garuwa, daga Kurna, Kano