Wasiƙa daga Gombe kan jinyar Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Mu nan sai godiya. Saƙonka ya same ni, na kuma yi juyayin shanyewar ɓarin jiki da ta sami Kawu har ta taɓa maganarsa. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ka tambaye ni yadda muke yi da Baba tun da maganarsa ta ɗauke, na ga bayanin ya fi ƙarfin kiran waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Da farko, kada ku yarda wani ya ce hankalin Kawu ya gushe. Mu ma mun sha jin haka, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa. Likitoci suna kiran wannan ɗaukewar magana afeziya. Jini ne ya daina kaiwa wani sashe na hagun ƙwaƙwalwa, kuma a can harkar magana take ga yawancin mutane. Hagun ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da damar jiki, shi ya sa hannun dama da ƙafar dama suka tafi tare da maganar. Kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki suna gamuwa da wannan. Baba ya san kowa. Ka gaya masa kuɗin buhun masara a kasuwar Tudun Hatsi ba daidai ba, ka ga yadda zai haɗe fuska. Yana karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe, amma ya ce a ba shi ruwa ya gagara, sai "to, to" kawai yake ta maimaitawa. Likitar da ke koya masa magana ta ce abin da baki ya haddace yakan tsira, wanda mutum zai ƙirƙira nan take ne ke wuya. Ta ba mu labarin wani likitan Faransa, Paul Broca, da ya bayyana irin wannan tun 1861, a kan majinyacin da "tan" kaɗai yake iya furtawa alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa.

Ita ce ta kawo maganar allon hotuna. Yaya ya ƙi da farko, ya ce in aka ba shi abin nuni zai sangarce ya daina ƙoƙarin magana. Ta ce bincike bai nuna haka ba. Ni ma abin da idona ya gani, tun da ya samu hanyar faɗin buƙatarsa fushinsa ya ragu, ya fara yarda a zauna da shi a yi atisaye.

Manhajar da aka fara sa masa a waya ba ta yi ba. Zane-zanen cikinta na wata duniya ne, masai irin na zama, burodi da nama a tsakiya, ga murya da Turanci. Ya kalla ya ture. Sai muka bi gidan da kyamarar waya muna ɗaukar kayansa na gaske: butarsa, kofin shayinsa, darduma, rediyo, kwanon fura, ƙofar masallacin unguwa, fuskar Inna da ta kowane jika. Aka sa hoto huɗu kacal a kowane shafi, manya-manya. In ya taɓa hoto, sai muryar da muka naɗa ta faɗi jimlar da Hausa. Nan ma akwai abin lura. Ƙanwata ce ta fara naɗa muryar, ranar da ya taɓa hoton bayi aka ji muryar 'yarsa tana cewa "ina so in kewaya" a gaban baƙi, bai ƙara taɓa wayar ba sai da ƙanensa, wanda muryarsu ta yi kama, ya sake naɗa komai. Dattijo ba ya son a zubar masa da girma ko da yana kwance.

Ka san yadda muke da hannun hagu. Baba ya daɗe yana jin nauyin nuni da shi, sai da limamin unguwa ya zo dubiya ya ce masa lalura ce. Sannan ku duba ko Kawu yana ganin abin da ke damarsa, domin wasu ganinsu na wannan ɓangaren yakan ragu. In haka ne, ku matsar masa da allon zuwa hagu.

Kada ku ce ai Kawu yana da boko da ajami, ku miƙa masa biro. Ciwon yakan taɓa karatu da rubutu kamar yadda ya taɓa baki. Kuma "eh" da "a'a" suna rikice wa Baba, ya ce eh yana nufin a'a. Inna ta yi ta dama masa kunun gyaɗa yana turewa kafin a gane. Yanzu akwai kati kore da ja, a yi tambaya ɗaya, a nuna masa abin, a jira. Jiran nan ne ya fi ba mu wuya. Gidanmu kowa gaggawar ƙarasa masa magana yake, masu dubiya kuwa su yi ta ɗaga murya sai ka ce da kurma suke magana, alhali kunnensa lafiya lau.

Da yamma nakan zauna da shi. Ya taɓa hoto, ya saurara, in ja masa farkon kalmar, "ru…", shi kuma ya ƙoƙarta ƙarasawa. Wata rana ta fito, wata rana ta ƙi, in ya gaji mu bari. Yanzu yana cewa ruwa, salla da Inna ba tare da wayar ba. An ce sauƙin ya fi sauri a watannin farko, amma yakan ci gaba har shekaru in ana atisaye, don haka ku fara da wuri. Masu wannan aikin ba su da yawa, ku tambaya a asibitin koyarwa, sashen gashin ƙashi ko na kunne da maƙogwaro za su nuna muku inda za ku same su.

Ku wanke hotunan a takarda a liƙa musu leda, saboda in an ɗauke wuta caji ya ƙare, kada ya rasa abin nuni. Maganin hawan jini kuma kada a tsallake masa ko na rana ɗaya. In kana so, zan turo maka hotunan shafukan Baba ta WhatsApp ku ga tsarin.

Ka gaishe min da Kawu, ka ce muna masa addu'a. A gaida maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ku.

Wassalam,
Amininka