Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Noma: a cika rumbu tun hatsi yana hannun manomi

Zuwa ga Sanata Abubakar Kyari,
Ministan Noma da Samar da Abinci,
Abuja.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Mu masu shagunan kayan masarufi ne da masu awon hatsi, waɗanda kowane ƙarin farashi yake fara sauka a kan teburinsu kafin ya isa tukunyar kowa. Ba za mu ja ka da nisa ba, maganarmu a kan rumbun gwamnati ce.

Ranar 13 ga Yuli 2023 gwamnatin nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci. An ce za a fito da taki da hatsi, an ce za a noma hekta 500,000, an kuma ce za a kafa hukumar da za ta riƙa bibiyar farashin kayan abinci tare da kula da rumbun ajiya na ƙasa don daidaita kasuwa. Wannan alkawari na ƙarshe muka riƙe, domin shi ne ya shafi abin da muke aunawa kullum. Ka karɓi ma'aikatar a watan Agusta, ka gaji alkawarin. Yau, a Nuwamba 2024, wata goma sha shida ke nan, kaka ta biyu tana neman wucewa. Ina hukumar? Tan nawa aka saya aka ajiye?

Mun ga abin da ke cikin rumbun a watan Fabrairun bana, 2024. Sai da mata suka tare hanya a Minna, masu gurasa suka fito a Kano saboda tsadar fulawa, sannan aka ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi. Mu da muke lissafi da buhu, ga yadda muka karanta wannan adadi. Tirela ɗaya tana ɗaukar tan 30, wato buhu 300 mai kilo 100. Tan 42,000 tirela 1,400 ke nan, buhu 420,000. A raba wa jihohi 36 da Abuja, kowace ta tashi da tirela kusan 38. A raba wa mutum miliyan 200, kowa ya samu abin da bai kai rubu'in kilo ba, tuwon dare ɗaya. Alhali ƙasar nan tana da rukunin rumbunan ƙarfe 33 da za su iya ɗaukar kimanin tan miliyan 1.3. Abin da aka fitar a lokacin da yunwa ta fi tsanani bai kai kashi 4 cikin 100 na wannan ba. Da yawa daga cikin rumbunan kuma an ba da hayarsu ga kamfanoni tun zamanin gwamnatin da ta shuɗe, jama'a ba su san abin da ke cikinsu ba.

Wanda ya samu kwano biyu kyauta ya ji daɗi, ba mu raina ba. Amma hatsin da aka raba kyauta ba ya shiga kasuwa, saboda haka ba ya taɓa farashi. Ranar da aka gama rabo, tiya tana nan a kuɗinta na jiya. Haka shinkafar naira 40,000 da aka ƙaddamar a watan Satumba: tan 30,000 buhu 600,000 ne mai kilo 50, mutum ɗaya buhu ɗaya da lambar NIN. Mai shagon unguwa bai gan ta ba, matar da take awon gwangwani biyu ma ba ta gan ta ba. Ka kuma san yadda sayar da shinkafa mai rahusa a ofishin kwastam na Yaba da ke Legas ya ƙare da turmutsitsi da asarar rayuka. Idan abu ya yi kaɗan kuma aka tara shi wuri ɗaya, abin da ke faruwa ke nan.

Ranka ya daɗe, shekarar hatsi ba ta da wani sirri. Daga Oktoba zuwa Disamba masara da dawa da gero da wake suna kwararowa kasuwannin Saminaka, Giwa, Dandume, Funtuwa, Potiskum, Gombe da Mubi. Manomi ba don yana so yake sayarwa a lokacin ba. Bashin taki yana jiransa, ga kuɗin masu girbi da masu casa, ga kuɗin makaranta, ga aurar da 'ya. Kowa ya fito da kaya lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. Masu saye a wannan lokaci su ne masu haɗa abincin kaji, da kamfanonin da ke sarrafa dawa da masara, da masu kuɗin da za su iya kulle sito su jira wata shida. Zuwa watan Maris hatsin ya bar ƙauye. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsoho ya ƙare sabo bai nuna ba, manomin nan da ya sayar da buhu shi ne zai dawo yana awon kwano a kan ninkin abin da ya karɓa. A duk wannan zagaye, mai sayen da ya kamata ya fi kowa ƙarfi a kaka, ya kuma fi kowa kaya a marka, ita ce gwamnati. Ita ce kuma ba a gani a kasuwa.

Idan farashi ya tashi sai a waiwayo kan ɗan kasuwa. A watan Fabrairu an garƙame wasu sito-sito a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano bisa zargin ɓoye kaya. Masu ɓoyewa don ƙuntata wa jama'a suna nan, ba ma kare su, a hukunta duk wanda aka kama da hujja. Sai dai ajiyar hatsi daga kaka zuwa damina aiki ne da dole wani ya yi, in ba haka ba babu abin da za a ci a watan Yuli. Abin da ke karya mai mugun nufi shi ne ya san akwai wani rumbu da ya fi nasa girma, wanda za a buɗe da zarar farashi ya wuce wani mataki. Ranar da ya san haka ba zai jira ba, da kansa zai fito da kaya. Yanzu ya san rumbun babu komai, to me zai tsorata shi?

Bari mu nuna maka yadda abin yake isowa shago, domin ana yawan tambaya me ya sa kantoci suka zama fayau. A ɗauka mai shago ya saro buhun sukari a kan naira 80,000, ya auna shi cikin mako biyu ya samu ribar 3,000. Ya koma Kasuwar Singa da 83,000 ya tarar buhu ya zama 86,000. A takarda ya ci riba, a zahiri ba zai iya mayar da buhun da ya sayar ba. Sai ya haɗa kai da maƙwabcinsa su raba buhu ɗaya. Haka a katon ɗin taliya, haka a jarkar mai, haka a madara. Bayan zagaye huɗu ko biyar jarin ya zaizaye. Dila da yake ba da kaya a biya bayan mako ya daina, sai kuɗi hannu, don shi ma kamfani haka ya yi masa. Daga nan mai shago zai fara zaɓe: ya bar abin da ke daɗewa a kan kanta, ya riƙe abin da ke fita kullum. Babban gwangwanin madara ya ɓace, ƙullin leda ya maye gurbinsa. A jera kwalaye marasa komai a sama don kada shagon ya yi kama da wanda aka tashi. Da magariba yaro zai zo da naira 200 a dunƙule a hannu, an aiko shi sukari da ganyen shayi da magi, mai shago ya tsaya yana juya ledar yana tunanin wanne zai cire. A gefen sikeli kuma ga littafin bashi ya cika har bango, yawancin sunayen ciki na ma'aikata ne masu albashi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba a Nuwamban shekarar. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yuni.

Za ka ce an buɗe ƙofar shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, babu haraji, na kwana 150. Mun ji sanarwarka a watan Yuli. Ƙa'idojin kwastam ba su fito ba sai tsakiyar Agusta, kuma sharuɗɗan sun ce mai shigo da shinkafa sai yana da injin casa mai tan 100 a rana wanda ya yi shekara huɗu yana aiki. Kamfanoni nawa ne suka cika wannan? Kafin a nemi dala, a yi oda, jirgin ruwa ya taso, a sauke a Legas, a ɗoro tirela zuwa Arewa, an yi wata biyu ko uku. Wato kayan da aka nema don yunwar damina za su iso ne a kan kaka, su danne farashi daidai lokacin da manomi yake sayarwa, bayan ya sayi taki da tsada. Manomin da ya faɗi bana rage gona zai yi baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe, kuma an yi haka sau biyu a shekara ɗaya.

Abin da muke roƙo ba sabon abu ba ne, kuma lokacinsa yanzu ne, kafin ƙarshen Janairu. A bayyana farashin da gwamnati za ta sayi buhun masara, dawa da gero, wanda zai rufe kuɗin noma ya bar wa manomi riba, a faɗe shi a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulatanci. A saya kaɗan-kaɗan a kasuwanni da yawa cikin makonni. Idan aka ba ɗan kwangila ɗaya ya shiga Dawanau da odar tirela ɗari biyar rana ɗaya, kafin la'asar farashi ya tashi, an cuci wanda ake son taimako. A saya da sikeli, a biya cikin kwana biyu ko uku, don manomi ba zai kai kaya inda zai bi kuɗinsa wata uku ba.

Sannan a kula da abin da ake zubawa. Masarar da danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100 ba ta ajiyuwa: za ta yi zafi, ta yi fumfuna, ta haifar da gubar da ke lalata hanta. Na'urar gwada danshi 'yar ƙarama ce, a sa ta a kowace cibiyar saye. A sheƙe, a tace tsakuwa da ƙaiƙayi, a jera buhuna a kan katako nesa da bango, a yi turaren maganin ƙwari a rufe yadda masana suka tsara. Wake kuwa a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa. Rashin irin wannan ajiya ne ya sa wasu ke yayyafa wa wake fiya-fiya, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015, mu kuma muke ci. Rumbun da fankarsa ba ta aiki ko rufinsa yake yoyo, a gyara shi kafin a zuba, kada a buɗe a watan Yuni a tarar da gari da ƙwari.

Wajen fitarwa, a sanar tun yanzu cewa idan buhu ya kai kaza za a buɗe rumbu. A sayar ta hannun ƙungiyoyin kasuwa da masu awo, buhu goma zuwa ashirin ga kowane mai shago mai rajista, a rubuta farashin tiya a allo a bakin kasuwa. Buhu tiya arba'in ne, kowace mai cefane za ta iya lissafin ribar da aka ɗora mata. Abin da aka sayar a mayar da kuɗinsa asusun saye na kaka mai zuwa. Rabon kyauta a bar shi ga 'yan gudun hijira da waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu.

Kai ɗan Borno ne, ba sai an ba ka labarin abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri da gonakin kewayenta a watan Satumba ba. Ka kuma san Nijar ta hana fitar da hatsi a watan Oktoba, wake da geron da ke shigowa ta Maigatari da Illela da Jibiya ba za su zo kamar da ba. Azumi kuma zai kama a farkon Maris 2025, lokacin da kowane gida ke neman gero da sukari da mai a rana ɗaya. Don Allah, ranka ya daɗe, kada a jira mata su sake tare hanya.

Sauran matsalolin mun san ba duka ke hannunka ba. Fetur da ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 1,000 a 2024 shi ne a cikin injin ban-ruwan mai noman rani da tankin a-kori-kurar da ke ɗauko kaya daga ƙauye. Shingayen hanya da rasit iri-iri daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas duk a kan kwandon tumatir suke ƙarewa. Manoman Zamfara da Katsina da Birnin Gwari suna biyan 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Alkama da ɗanyen sukari da dala ake shigo da su. Ka kai waɗannan majalisar zartarwa.

Rumbu kuwa a ƙarƙashin ma'aikatarka yake. Muna roƙon ka fito kafin ƙarshen Disamba ka faɗa wa 'yan Najeriya rumbuna nawa ne suka rage a hannun gwamnati, tan nawa ne a cikin kowanne yau, tan nawa za a saya a wannan kaka, a kan nawa, kuma a waɗanne kasuwanni. Mu muna bakin kasuwannin nan kullum, idan tirelolin suka fara lodi za mu gani.

Wassalam.

Daga wasu masu shagunan kayan masarufi da masu awon hatsi,
Kano, Nuwamba 2024.